Ina ƙwari suke zuwa da rani?

A watan Afrilu, in ka fita bayan garin Madarunfa da tsakar rana, za ka tarar da gonaki fayau. Ba hatsi, ba wake, ba ɗanyar ciyawa. Rairayi ya yi zafi har ba ka iya taka shi ba takalmi. Ruwan tabki ya janye, ya bar laka tana tsattsagewa. Ƙwarin nan da suka dame mu da damana, ka neme su ka rasa.

Amma bari ruwan farko ya sauka. Da daddare sai ka ga shinge ya rufe fitila. Bayan kwanaki kaɗan, ƴaƴan fara suna tsalle cikin sabuwar ciyawa. Kafin hatsi ya nuna, tsutsa ta hau zangarniya. To, daga ina suka fito?

Wasu yara suna cewa ruwan sama ne yake zubo su. Wasu suna cewa ƙasa ce take haifar su in ta jiƙe. Ruwa ba ya zubo ƙwaro, ƙasa kuma ba ta haifar shi. Kowane ƙwaro daga ƙwai yake fitowa, kowane ƙwai kuma da uwar da ta nasa shi. Da yawa daga cikin ƙwarin nan ba su je ko'ina ba. Suna nan tare da mu duk tsawon rani: a ƙarƙashin ƙafafunmu, a cikin darnin gidanmu, a jikin rumbunmu. Kwance suke, suna jiran lokacinsu.

Dogon barci

A yankinmu damana ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin, sai ɗari da rani da bazara. Ƙwaron da ke rayuwa da ɗanyen ganye ba shi da abinci har wata bakwai ko takwas. Dabara biyu gare shi: ko ya yi ƙaura, ko ya kwanta.

Kwanciyar nan ta fi barcin da muka sani nauyi. Ƙwaron yana daina ci, yana daina girma, numfashinsa yana raguwa ƙwarai. Kitsen da ya tara da damana shi ne guzurinsa, yana cin sa kaɗan-kaɗan. Da Faransanci ana kiran wannan hali diapause. Mu sai mu ce dogon barci.

Kun san matakan rayuwar malam-buɗe-littafi: ƙwai, sai tsutsa, sai tsutsar ta shiga cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, daga nan ta fito da fukafukai. Kowane irin ƙwaro da matakin da yake yin dogon barcinsa a ciki. Wani yana yin sa a ƙwai, wani yana tsutsa, wani a cikin ɓawo, wani kuma bayan ya girma. Bari mu bi su a gonar hatsi.

Ƙwan fara

Fara iri-iri ce. Wadda ta fi yi wa hatsi ɓarna a ƙasashen Sahel ita ce wata ƴar madaidaiciya da ake kira farar Senegal. In ta tashi, kana ganin baƙin zane a fukafukanta na ciki. Ba a Senegal kaɗai take ba, suna ne kawai aka ba ta.

A ƙarshen damana, macen takan nemi wuri mai rairayi. Sai ta cusa bayanta cikin ƙasa, ta nasa ƙwai a dunƙule, ashirin ko fiye. Ta lulluɓe su da wani kumfa, kumfan ya bushe, ya haɗe da rairayi, ya zama kamar ƴar jaka. Iyayen duka suna mutuwa kafin rani ya yi nisa. Ƙwan ne yake saura, a zurfin da bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Ga wani abin mamaki. Ƙwan da fara ta nasa a watan Yuli, kafin sati biyu ya ƙyanƙyashe. Amma wanda ta nasa a ƙarshen Satumba ko a Oktoba ba ya ƙyanƙyashewa, ko da an yi ruwa a kansa. Wa ya gaya masa rani na tafe?

Tsawon yini ne. A Madarunfa, a watan Yuni, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kusan awa 13 ne. A watan Disamba kuwa, awa 11 ne da minti 20 ko kusa da haka. Bambancin ba shi da yawa, mu ba mu cika lura da shi ba, amma jikin fara yana jin sa. In yini ya ragu ya koma wajen awa 12, sai uwar ta fara nasa ƙwai mai dogon barci. Ruwan sama yana iya yin gaggawa, yana iya yin jinkiri, amma tsawon yini bai taɓa saɓa lokacinsa ba. Shi ya sa ya zama ma'auni mai kyau. Ba fara kaɗai ke aiki da shi ba: maiwa ma haka take. Ko ka shuka ta da wuri, ba ta fid da kai sai yini ya ragu.

Ƙwan yana kwance, ɗari ya wuce, rani ya wuce. Kafin bazara, nauyin barcin ya sake shi, abin da yake jira kawai shi ne laima. In aka yi ruwa mai ƙarfi, kamar milimetir 20 ko fiye, ƙasa ta jiƙe har inda yake, sai ya sha ruwa ya kumbura. Bayan kwana goma zuwa sati biyu, ƴaƴan fara su fito. Ku lura da kyau: ruwan da ya tashe su, shi ne ya tsirar da ciyawa, shi ne kuma manomi ya yi shuka da shi. Suna fitowa, abinci yana jiran su. Wani lokaci abincin nan shukar babanku ce, tana da ganye biyu ko uku. In ƴaƴan fara sun yi yawa, sukan cinye ta ƙarƙaf, sai an sake shuka.

Wani lokaci kuma damana takan yi ruɗi. A yi ruwa ɗaya mai kyau a watan Mayu, sa'an nan sama ta ɗauke har sati uku. Shuka ta bushe, ciyawa ta bushe, ƴaƴan farar da suka fito su mutu da yunwa. Da a ce ƙwan duka ya ƙyanƙyashe a ruwan nan, da irin fara ya ƙare a wurin. Amma ba duka yake tashi rana ɗaya ba. Wani ya tashi a ruwan farko, wani sai na biyu ko na uku. Akwai ma wanda kan tsallake damana guda, in ba a samu ruwan kirki ba. Manomi ma ai haka yake yi: ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko, yakan rage na sake shuka.

Ɗan fara yana saɓa sau biyar, kafin wata guda ya yi fukafukai. Daga nan su bi iskar damana da dare, su yi arewa, wajen Dakoro da Tanut, inda ciyawa ba ta daɗe da tsirowa ba. Su hayayyafa a can. A damana guda ana iya samun zuriya uku: iyaye, ƴaƴa da jikoki. In iska ta juya a ƙarshen Satumba, jikokin su biyo ta su dawo kudu, su tarar da hatsin da bai gama nuna ba, su ci, su bar ƙwai a ƙasa. A 1974, da kuma 1985 da 1986, farar nan ta yi mummunar ɓarna a Sahel. Dukansu shekaru ne da ruwa ya dawo bayan babban fari.

Fara tana da abokan gaba. Tsutsar wasu ƙudaje da ta wasu ƙwari tana cin ƙwanta a cikin ƙasa. Shamuwa kuwa, da muke murna da zuwanta don tana kawo labarin damana, ba gaishe mu kaɗai ya kawo ta ba. Ta zo daidai lokacin da ƴaƴan fara ke fitowa, da su take ciyad da ƴaƴanta. Kada ku jefe ta.

(Manyan farar nan da ake soyawa da yaji a sayar a kasuwar Maradi, wasu daga cikinsu dabararsu dabam ce. Da girmansu suke wuce rani, a cikin busasshiyar ciyawa da ƙananan itatuwa. Ba sa nasa ƙwai sai damana ta kama.)

Baƙuwa a cikin darni

Bayan girbi mukan kwaso kara mu yi darni, mu yi rumfa, mu gyara rumbu. Sau da yawa da baƙuwa muke zuwa gida. Tsutsar kara ce, wadda ke huda karan hatsi ta ci cikinsa, har zuciyar shukar ta bushe. Ita tana tsutsa take yin dogon barci, a cikin busasshen kara. Kamar wata guda bayan ruwan farko, sai ta fito da fukafukai, ta tashi da dare, ta nasa ƙwai a tsakanin ganye da kara. Shi ya sa gonakin da ke kusa da gari sukan fi shan wahalarta. In aka shimfiɗa kara a ƙasa bayan girbi, rana ta gasa shi, ko aka ɗan babbaka shi kafin a yi darni, tsutsa da yawa tana mutuwa.

Murzuna

Wanda ya taɓa zuwa girbi ya san aikin murzuna. Ka ɗauki zangarniya, ka ga wata hanya ta kewaye ta kamar an murɗa igiya, ba ƙwaya ko ɗaya a kan hanyar. A shekara mai muni, manomi yana iya rasa fiye da rabin hatsinsa. Kafin babban farin 1972 zuwa 1974 ba a ɗauke ta babbar matsala ba. Tun daga lokacin ta zama ɗaya daga cikin manyan maɓarnatan hatsi a Sahel.

Murzuna ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce, mai tashi da dare. Da Faransanci sunanta mineuse de l'épi. A cikin ƙwarin da muke magana a kansu, ita ce gwanar lissafin lokaci, don sau ɗaya tak take haihuwa a shekara, kuma abincin ƴaƴanta ba ya daɗewa. Ƙaramar tsutsar ba ta cin ganye, ba ta cin kara, ba ta iya cin ƙwayar da ta yi tauri. Sai sabuwar zangarniya, mai bununi da ɗanyen ido. Wannan kuwa ƴan makonni ne kawai a shekara.

Ga yadda shekararta take tafiya. A watan Satumba, in tsutsar ta ƙoshi, sai ta sauko daga zangarniya, ta haƙa ƙasa, ta nutse kamar taƙi guda. A can ta zama ɓawo mai launin ja-ja. Me ya sa take nutsewa haka? Ku sa hannu a kan rairayi da rana a watan Afrilu, sa'an nan ku tona ku sa hannu a ƙasan ramin. A sama zafi yana wuce digiri 50, a ƙasa kuwa da sanyi-sanyi. A nan take kwance wata goma ko fiye.

In damana ta sauka, laima ta kai gare ta, barcin ya sake ta. Amma ba ta yin gaggawa kamar fara. Da ta fito a satin farko, me za ta tarar? Hatsi bai kai gwiwa ba. Don haka na farkonsu ba sa fitowa sai bayan kamar wata guda, yawancinsu kuma sai wajen wata biyu bayan ruwan shuka. Hatsin da aka shuka a ruwan nan, shi ma a lokacin yake yin ciki, yana fid da kai. Ruwa ɗaya ya tashe su, suka kama hanya kowa da tafiyarsa, suka haɗu a watan Agusta.

Macen kwanaki kaɗan take yi a duniya. A cikinsu take nasa ƙwai ɗari uku zuwa ɗari huɗu. Tana bin gona da dare, tana neman zangarniyar da ta fara leƙowa, ta liƙa ƙwan wajen samanta. Bayan kwana uku zuwa biyar ya ƙyanƙyashe. Ƙaramar tsutsa ta fara da cin fure. In ta yi girma, sai ta riƙa yanke ƴan sandunan da ke riƙe da ƙwaya, tana tafiya tana kewaya zangarniya. Ta yi kamar wata guda tana wannan aiki, ta sauka, ta shiga ƙasa, shekara ta kewayo.

Yanzu kun gane abin da ya sa gonaki biyu ke maƙwabtaka, ɗaya ta lalace, ɗaya ta tsira. Wadda ta fid da kai daidai lokacin da uwayen murzuna suka fi yawa, ita ke shan kashi. Maiwa, da ba ta fid da kai sai sun ƙare, yawanci ba ruwanta da su. To, me zai hana kowa ya jinkirta shuka? Tsofaffi za su yi muku dariya. Damanarmu gajera ce, wanda ya tsaya gudun tsutsa, ruwa yana iya ɗaukewa ya bar hatsinsa da ciki. Akwai kuma masu cewa a yi noma mai zurfi bayan girbi, a tono ɓawon, rana da tsuntsaye su gama da shi. A ƙasa mai laka wannan yana da amfani. A jigawa kuwa, ƙasar da aka tone da rani iskar hunturu ce ke kwashe ta. Sai a yi hattara.

Masu binciken noma na INRAN, a tasharsu ta Tarna kusa da Maradi, sun bi wata hanya. Akwai wata ƴar mitsitsiyar rina, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, sunanta na kimiyya Habrobracon hebetor. Ba ta harbin mutum. Tsutsa take harbi, tsutsar ta sandare, ta nasa ƙwai a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. Da ma tana nan a dajinmu. Aibinta ɗaya: makara. Rani yana rage ta ƙwarai, kafin ta sake yin yawa murzuna ta gama ɓarna.

Sai masu bincike suka riƙa kiwon ta da rani, suna ciyad da ita da wata tsutsa mai cin hatsin ajiya. In hatsi ya fara fid da kai, a zuba ɗan hatsi da gari a cikin ƙananan buhunan algarara, a sa tsutsar ajiya da uwayen rina a ciki, a kai ƙauyuka a rataye. Bayan sati guda da ƴan kwanaki, sababbin rina su riƙa fita ta ƙofofin saƙar buhu, su bazu cikin gonaki. Tun 2006 aka yi wannan aiki a ɗaruruwan ƙauyuka na Nijar da Mali da Burkina Faso. Amma dabarar duka a kan lokaci ta rataya. In an kai buhu da wuri, rina ta fito ba ta tarar da tsutsa ba. In an makara, zangarniya ta riga ta lalace. Shi ya sa ake kunna fitilar tarko da dare a tashar bincike, da safe a ƙirga uwayen murzunar da suka faɗa, a san ranar da suka fara tashi.

Sauro fa?

A bakin tabkin Madarunfa da fadamar Jiratawa, inda ruwa ke daɗewa, sauro yana samun wurin haihuwa har cikin rani. Amma a ƙauyukan da ba ko ɗigon ruwa a fili, ina yake shiga? Ƙwan sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya ba ya jure dogon fari. A wani ƙauye na Mali mai suna Thierola, a ƙarshen damanar 2008, masu bincike sun shafa wa sauro kusan dubu bakwai fenti, suka sake su. A watan Mayu na 2009, bayan wata bakwai, suka sake kama mace ɗaya da fentinta, da ranta. Sauro kuwa da damana ƴan makonni kawai yake yi ya mutu. Ashe shi ma yana da nasa dogon barci. Sun kuma ga sauro ya yi yawa ƴan kwanaki bayan ruwan farko, tun sababbi ba su isa fitowa daga ruwa ba. Don haka kada a jira Agusta kafin a ɗaura gidan sauro.

A ƙasashen sanyi

A Turai, abin da ƙwari ke gudu shi ne sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yana daskarewa, itatuwa da yawa suna kaɗe ganye. Ƙwari su ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace, ko cikin busasshen ganye, ko cikin ƙasa. Mu a nan laima ce ke tashe su, can kuwa ɗumi ne.

Akwai wani malam-buɗe-littafin dare a can, da ke nasa ƙwai a kan reshen wani babban itace da Faransawa ke kira chêne. A Nuwamba da Disamba yake nasa shi, ya ƙyanƙyashe a Afrilu, daidai lokacin da itacen ke toho. In tsutsa ta riga ganye fitowa da ƴan kwanaki, yunwa ta kashe ta. In ta makara, ganye ya yi tauri. Masana a ƙasar Holan sun ga cewa da duniya ta ƙara ɗumi, sai ƙwan ya riƙa ƙyanƙyashewa tun itace bai toho ba. Tsutsa da itace suka saɓa alkawari. Tsuntsayen da ke ciyad da ƴaƴansu da tsutsar, su ma abin ya shafe su.

Aikin aji

Abin da kuka karanta, kuna iya ganin sa da idonku. Kafin ruwa ya sauka, ku roƙi tsofaffin kara guda ashirin daga wani darni. Ku tsaga su da tsawo a gaban malam. A guda nawa kuka tarar da tsutsa? Tana motsi in kun taɓa ta?

Ku je gonar da murzuna ta yi ɓarna bara, da izinin mai gona. Ku auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, ku tona taƙi guda da ɗan ƙari, ku tankaɗe rairayin da rariya. Ɓawon da kuka samu, ku sa shi a gwangwani da rairayi, ku rufe bakin da tsohon gidan sauro. In damana ta kama, ku riƙa yayyafa masa ruwa duk ranar da aka yi ruwa.

Sa'an nan ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ku kafa shi a filin makaranta, nesa da itace da rufin aji. Duk safiyar da aka yi ruwa, ku auna zurfin ruwan da ke ciki da ma'auni, ku rubuta, ku zubar. Ku buɗe littafi guda don wannan aiki. A ciki ku rubuta ranar da kuka ga shamuwa ta farko, da ranar ruwan shuka, da daren da shinge ya fito, da ranar da kuka fara ganin ƴaƴan fara. In hutu ya zo, waɗanda gidansu ke kusa su ci gaba: ranar da hatsin gonar makaranta ya fid da kai, ranar da wani abu mai fukafukai ya fito a gwangwaninku, ranar da kuka ga hanyar murzuna ta farko a zangarniya.

Da komawa makaranta a watan Oktoba, ku ƙirga kwanakin da ke tsakanin ruwan shuka da kowane ɗaya daga cikinsu. Ku kai wa malam littafin ya ajiye. Ƴan ajin da ke bayanku za su ɗora nasu lissafi a shafi na gaba, su gwada da naku.